Hannuwan Malam Barnaba Masunci

Haihuwarsa da asalinsa

An haifi marigayi Malam Barnaba Shu'ibu da hantsi, rana ta ɗan ɗaga, ana yayyafi marar ƙarfi irin na ƙarshen damina, a cikin shekarar 1906, wato shekarar da Turawa suka ci Haɗeja da yaƙi. An haife shi a Tudun Goruba, wani ɗan ƙauyen masunta da ke cikin fadama kusa da Baturiya, wanda ruwa kan kewaye shi tun daga tsakiyar damina har shigowar sanyi, ba shiga ba fita sai a kwale-kwale ko a kan gora. Sunan mahaifinsa Garba Mai Homa, sunan mahaifiyarsa 'Yar'azumi, dukansu Musulmi ne, kuma su, wato kamun kifi, shi ne sana'ar gidansu tun kaka da kakanni. Ran suna aka raɗa masa Shu'ibu. Sunan Barnaba kuwa daga baya ya same shi, kamar yadda bayani zai zo. Maza biyu ne suka rayu a ɗakin mahaifiyarsu, wansa Haruna, sai shi.

Karatunsa da koyon sana'a

Da ya isa shiga makaranta aka kai shi wurin Malam Tukur, wani Bafillace da ya bar kiwo ya zauna a ƙauyen yana koyar da yara karatun allo. Bai yi nisa ba, ya dai sami abin yin salla, domin babbar yunwar 1914 ta watse makarantar, kowane gida ya koma neman abin da za a sa a baki. A wannan shekara mutanen Tudun Goruba da bado suka rayu, da gaiwar da suke tonowa daga busasshiyar laka, kuma a nan ne aka fara gane baiwar da Allah ya yi wa hannuwan Shu'ibu.

Akwai irin kamun kifi da masunta ke kira lalube. Idan ruwa ya janye, mutum kan shiga tabki ya nutsa hannuwansa cikin laka da gindin ciyawa, ba ya ganin kome, yatsunsa ne ke gaya masa abin da ke ƙasa. To, tun yana yaro Shu'ibu kan bambance tarwaɗa da ƙurungu da taɓawa ɗaya, ya kuma san inda zai kama ƙurungu ƙayarsa ba ta soke shi ba, alhali manya ma sukan fito da jini. Kafin ya yi gemu sunansa ya kai kasuwar Haɗeja, har masu sayen banda sukan tambayi kifin Shu'ibu da suna.

Da ya balaga mahaifinsa ya ba shi asirin ruwa na gidansu, kamar yadda al'adar masunta take. Kowane irin wannan asiri yana da sharaɗi, wato abin da aka hana mai shi, wanda in ya karya, asirin ya lalace. Nasu sharaɗin shi ne kada ya ci kan tarwaɗa, kada kuma ya wanke hannu da ruwan zafi. Ya kiyaye wannan ƙwarai, ya tashi da sanin cewa duk abin da ke da ƙarfi a duniya akwai sharaɗin da ke riƙe da shi.

Aurensa na fari da shigar ciwo

A shekarar 1927 ya auri Zaituna, 'yar wani manomin shinkafa, Allah ya ba su ɗa namiji aka sa masa suna Usman. Suka zauna cikin rufin asiri har zuwa ranin 1935, lokacin da aka yi babban su a wani tabki na kusa da su. A ranar Shu'ibu ya fito da ƙurungu a hannu yana dariya, sai wansa Haruna ya dube shi ya ce, "Kai, Shu'ibu, jinin wa ke bin gwiwar hannunka?" Da aka duba, ashe ƙayar kifin ta shiga tafin hannunsa ta ɓullo ta baya, shi kuwa bai sani ba. Kafin shekara ta kewayo sai ga tabo mai haske ya fito masa a baya da a goshi, tsofaffi suka gane kuturta ce.

An yi magani iyakar yi. An sha saiwoyi, an sha rubutu, an sayar da homar kamun kifin da ya gada da akuyoyin Zaituna, amma ciwo sai gaba yake yi. Mahaifinsu ya rasu a 1936, gida ya koma hannun Haruna, shi kuwa ya ware wa ƙanensa akushi da moɗa, ba don ƙiyayya ba, sai don tsoron abin da zai sami yara. Iyayen Zaituna suka nemi ya sawwaƙe mata, ya sawwaƙe ba tare da jayayya ba, Usman ya zauna a hannun Haruna. Waɗanda suka san shi a lokacin sun ce duk wannan bai kayar da shi kamar rashin ji a hannu ba. Yakan je bakin tabki ya sa hannu cikin laka ya daɗe, sa'an nan ya fito ya zauna. Abin da yake nema a duniya ya zama guda ɗaya tak, wato yatsunsa su sake jin abin da suka taɓa.

Zamansa a asibitin kutare

A shekarar 1939 wani falken kanwa mai suna Umara ya ba shi labarin asibitin kutare na 'yan mishan can cikin ƙasar Kano, inda ake yi wa mutane allura a kuma ba su gona. Ya taka da ƙafa har garin Malam Madori, ya shiga jirgin ƙasa, wanda bai taɓa shiga ba sai ran nan. Aka karɓe shi, aka fara yi masa allurar wani mai mai kauri, wadda majinyata suka ce zafinta ya fi na harbin kunama. Yana noma 'yar gonarsa, da yamma kuma yana zuwa ajin karatun boko, har ya iya karanta Hausa sannu-sannu, yana bin layi da gefen hannu.

A can ya gamu da Malam Auta, wani makaho mai bishara, asalinsa Bamaguje, wanda ya haddace labaran Linjila da ka yana koya wa majinyata. Da yake makafi da kutare abokan wasa ne, ranar farko da aka gabatar da su Malam Auta ya ce masa, "Kuturu, miƙo hannu mu gaisa, in da saura." Shu'ibu ya ce, "Ga shi nan gabanka, makaho, duba da kyau." Tun daga nan suka shaƙu. Wata rana Malam Auta ya ba da labarin yadda Yesu Almasihu ya warkar da wani kuturu, sai Shu'ibu ya tsayar da shi ya tambaya ko da hannu ya taɓa mutumin ko kuwa da sanda. Aka ce da hannu. Ya ce a sake faɗa, aka sake. A lokacin ya shekara huɗu ba wanda ya kama hannunsa sai malamin allura.

Ya shiga ajin masu neman baftisma, ya daɗe yana tambayoyi, domin ba mutum ne mai garaje ba. A shekarar 1943 ya ba da gaskiya a fili, aka yi masa baftisma a wani rafi, ya ɗauki suna Barnaba, ya kuma rabu da asirin ruwan da ya gada. Sai dai shi da kansa ya sha faɗa daga baya cewa ya shiga ruwan nan da tabbacin zai fito da hannuwansa na dā. Yana da wata ƙayar ƙurungu da ya zo da ita daga gida, yana fitowa ya koma gefe ya soki ɗan yatsansa, jini ya fito, ji kuwa babu. Da ya gaya wa Malam Auta, sai ya ce masa, "Af, ashe lalube ka shiga yi a ruwan baftisma? To, ci gaba da roƙo, Ubangiji ba kurma ba ne, amma kada ka yanka masa rana."

Aurensa na biyu da komawa gida

A shekarar 1944 ya auri Zainaba, Babarbariya daga wajen Guri, wadda ita ma jinya ta kawo ta, amma nata ciwon bai taɓa mata gaɓoɓi ba. Sunanta na baftisma Rahila. Aka haifa musu 'ya mace a 1945, suka sa mata suna Hannatu. A 1946 likita ya auna su ya tabbatar ciwon ya mutu a jikinsu duka biyu, aka yi sujadar godiya, aka sallame su. Wannan ita ce warkarwa ta fari a rayuwarsa, domin da yawa daga cikin waɗanda suka yi jinya tare da shi a can aka binne su. Amma yatsu biyu na hagunsa sun gajarce, sauran sun lanƙwashe, kuma daga wuyan hannu zuwa ƙasa ba ya jin zafi ko sanyi. Likita ya gaya masa jijiyar da ta mutu ba ta dawowa. Ya yi godiya, ya ce shi dai zai ci gaba da roƙo. A zuciyarsa kuwa yana ganin muddin hannuwan nan ba su ji ba, to Allah bai gama karɓarsa ba.

Suka iso Tudun Goruba a farkon 1947. Bulama, wato mai garin, ya ba su wuri a gefen tudu, Haruna ya taimaka da kara da itacen danni, amma bai miƙa masa hannu ba, akushi kuma yana nan a ware. Yakan ce masa, "Ka tafi da ciwo ɗaya ka dawo da biyu, ga kuturta ga addinin Nasara. In da gaske ne, ya ba ka hannunka mana mu gani."  Barnaba ya kama ɗinkin taru da homa, yana jan zare da haƙori, Rahila kuma tana banda tana noma shinkafa, ba ta barinsa kusa da wuta domin yakan ƙone bai sani ba. Ran Lahadi sukan yi sujada su kaɗai a tsakar gida, lokacin Kirsimati kuwa su tafi Malam Madori wurin 'yan masu bi da ke taruwa kusa da tashar jirgi.

Shekarar sanƙarau

A bazarar 1950 annobar sanƙarau ta shiga ƙasar Haɗeja, ta ɗebi mutane da yawa a ƙauyukan fadama. Haruna yana cikin waɗanda ta kama. Wuyansa ya sanƙare, bayansa ya banƙare, ya daina gane mutane, har an aika a yanko likkafani. Matarsa Yelwa ta kira Barnaba domin ya yi bankwana da ɗan'uwansa. Da ya shiga ya nemi izini ya yi masa addu'a irin tasu, Yelwa ta ce, "Wanka ne, ciki ɗaya kuka fito, yi abin da za ka yi." A lokacin hannuwansa suna naɗe da farin ƙyalle saboda wata ƙuna da ya yi. Ya ɗora su a wuyan Haruna, ya yi 'yar gajeriyar addu'a cikin sunan Yesu, ana kiran la'asar. Kafin rana ta faɗi Haruna ya juya wuyansa da kansa, ya buɗe ido ya ce a ba shi kunu.

Mutane da dama sun ga wannan al'amari da idonsu, waɗansunsu suna da rai har yanzu. Musulmin ƙauyen suka ce kwanansa ne bai ƙare ba, Allah ya tashe shi. Barnaba ya ce haka ne, Allah ne ya tashe shi, ya kuma ji roƙon da aka yi cikin sunan Almasihu. Haruna bai bar addininsa ba, yana kan sallarsa har yau. Amma ranar da ya fara cin tuwo ya aika aka kira ƙanensa, ya tura akushi tsakaninsu ya ce, "Matso, kuturun banza, tuwo yana hucewa."

Shekarun sharaɗi

Labari ya bazu. Aka riƙa kawo masa marasa lafiya daga Kirikasamma da Guri, har daga Kafin Hausa, da Fulanin da ke shigowa fadama da rani. Wani makiyayi da maciji ya sara, ƙafarsa ta kumbura har cinya, ya tashi bayan addu'a. Wata mace da naƙuda ta yi wa tsawo ta sauka lafiya. Bai taɓa karɓar ko da ƙwaryar nono a kan wannan ba. Sai dai magana ta fara yawo cewa wai da yake hannuwansa matattu ne, su ne ke shanye ciwo daga jikin mutum.

A nan ne kuskure ya shigo masa, ba kuwa da mugun nufi ba. Ya zauna ya yi tunani irin na ɗan masunta, ya ce abu mai ƙarfi haka ba zai rasa sharaɗi ba, kuma tun da ba a gaya masa ba, sai ya nemo da kansa. Ya tuna ranar da ya yi wa Haruna addu'a hannuwansa a naɗe suke, ya kuma daɗe bai taɓa ruwan kogi ko kifi ba saboda ƙunar nan. Sai ya yanke cewa sharaɗin ke nan. Daga 1951 ya daina ɗinkin taru, ya daina cin kifi, ya daina shiga kwale-kwale, kullum hannuwansa a naɗe da farin ƙyalle, ruwan rijiya kaɗai Rahila ke zuba masa. Har roƙon da ya shekara da shekaru yana yi, na a mayar masa da ji, ya bar shi, yana tsoron in hannuwan suka rayu baiwar za ta tafi. Ya ɗauka ya gane cinikin da Allah ya yi da shi, an karɓi hannu an ba shi warkarwa. Bai gaya wa masu bi na Malam Madori wannan ba. Nauyin gida duka ya koma kan Rahila, ga goyo, ga gona, ga baƙi masu jinya da ake ciyarwa.

Rasuwar Hannatu

A ƙarshen daminar 1953, ruwa ya cika fadama, zazzaɓi mai zafi ya kama 'yarsu Hannatu, tana da shekara takwas. Rahila ta ce a sa ta a kwale-kwale a kai ta ɗakin magani a Haɗeja, Haruna ya ce shi zai tuƙa. Barnaba ya ƙi. Ya ce hannuwan da suka ta da 'ya'yan wasu ba za su kasa tasa ba, kuma shi ba zai shiga ruwa ya karya sharaɗi a daidai lokacin da ya fi bukatarsa ba. Ya ɗora mata hannu safe da yamma, jiki sai ƙara zafi yake. Da ya ga ta daina shan ruwa ya yarda a tafi da ita, shi ya tsaya a bakin gaɓa. Ba su kai rabin hanya ba Haruna ya juyo da kwale-kwalen. Ko da an kai ta da wuri za ta tashi ko ba za ta tashi ba, wannan Allah kaɗai ya sani.

Bayan an binne ta ya shiga binciken inda aka karya sharaɗi. Ya tambayi Rahila ko ta taɓa sa garin kifi a miyarsa ba da saninsa ba. Ita kuwa mace ce marar yawan magana, amma ran nan ta ce masa, "Malam, ban sa maka kifi a miya ba. Amma ka gaya mini, Allahn nan da muka bi, aljanin ruwa ne da za a ɗaure shi da ƙyalle?"  Daga ranar ya daina yi wa kowa addu'a, masu zuwa suka riƙa komawa, sujadar Lahadi ma Rahila ce ke yi da yara, shi yana zaune a bayan ɗaki. Yana ganin an hana shi hannu, an karɓe baiwa, an ɗauke 'ya, saboda haka babu shakka Allah ya juya masa baya.

Ziyarar Malam Auta

Rahila ta aika wa Malam Auta saƙo ta bakin fatake, a ranin 1954 sai ga shi a kan jaki, ya tsufa ƙwarai. Da suka gaisa ya shafa hannuwan Barnaba ya ji ƙyalle, ya ce, "Me ke nan, kuturu, an naɗa wa hannunka sarauta ne?" Barnaba ya kwashe labari duka ya gaya masa, bai rage kome ba. Malam Auta ya yi kukan Hannatu tare da su, sa'an nan ya tambaye shi abin da ya ce a ranar da ya yi wa Haruna addu'a. Barnaba ya ce, "Cewa na yi, ya Ubangiji, ba ni da kome, ka ji tausayinsa." Malam Auta ya ce, "To, ina ƙyalle a cikin wannan? Ni tun ina saurayi nake roƙon ido, ga ni har yau sai sanda. Bai ba ni ba, bai kuma kore ni ba. Ba ciniki ya yi da kai ba, ɗan'uwa, kyauta ya yi wa Haruna, kai kuma ya bar ka ka gani."

Ya zauna tare da su har aka fara sharar gona, kullum suna tattaunawa a gindin goruba. Wata safiya ya sa Barnaba ya kwance ƙyallen, ya ce ya ja masa gora zuwa tabki. Suka shiga ruwa har ƙugu, Barnaba ya nutsa hannu cikin laka ya yi ta lalube, bai kama ko ƙwaya ɗaya ba. Malam Auta ya ce, "Makaho da kuturu sun zo su! Yau kifin tabkin nan sai cikinsu ya yi ciwo don dariya." Masu wanki a bakin tabkin sun ce ran nan suka fara jin dariyar Barnaba tun rasuwar 'yarsa, daga baya kuma suka ga yana kuka.

Daga nan fahimtarsa ta sauya. Ya gane warkarwa ta Allah ce, yana bayarwa don jinƙansa, ba a saye ta da sharaɗi, ba kuma a tilasta masa da irin yadda aka naɗe hannu. Ya gane rashin jin hannuwansa ba kuɗin baiwa ba ne, ba kuma alamar an ƙi shi ba. Ya kira Haruna ya zama shaida, ya durƙusa ya roƙi gafarar Rahila a kan zargin da ya yi mata da kuma hana tafiya da Hannatu a kan lokaci. Ta yafe masa, ko da yake ta ce sai a hankali zuciyarta za ta huce, ya ce ya yarda.

Shekarunsa na ƙarshe

Ya koma ɗinkin taru, ya koma cin kifi, ya kuma koma yi wa marasa lafiya addu'a, amma da wani tsari dabam. Duk wanda aka kawo yakan fara gaya wa danginsa cewa hannun nan ba ya shan ciwon kowa, ko zafin tukunya ma ba ya ji. Sa'an nan ya yi addu'a, in ciwon mai tsanani ne kuma ya ce a tashi a tafi Haɗeja yanzu-yanzu. Da yake ba ya iya riƙe matuƙi, wato itacen tuƙa kwale-kwale, sai ya riƙa ɗaure shi a wuyan hannunsa da igiyar kaba, shi da kansa yake tuƙa su. Waɗansu sun tashi tun kafin a kai ga magani, har malaman ɗakin magani suna mamaki. Waɗansu sun tashi ta hanyar magani. Waɗansu kuma sun rasu, irin waɗannan gidaje kuwa ya fi daɗewa a cikinsu.

Roƙonsa na dā ma ya koma yi, kowace safiya yakan ɗaga hannuwansa ya ce in Ubangiji ya so ya mayar musu da ji, in kuma sai ranar tashin matattu, to ya gode. Ya bar gwada kansa da ƙaya. Gidaje ƙalilan suka ba da gaskiya ta wurinsa, yawancinsu tsofaffin majinyata ne da suka dawo daga asibitin kutare, a 1956 suka gina ɗan ɗakin sujada na laka da jinka a bayan gidansa. Da maƙwabtansa Musulmi kuwa zaman lafiya suka yi, suna zuwa sunansa yana zuwa nasu.

Rasuwarsa da jana'izarsa

A cikin watan Agusta na 1958 ya tuƙa wata mai naƙuda zuwa Haɗeja, ruwa yana da ƙarfi, igiyar matuƙi ta yanke shi a wuyan hannu har ta kai nama, shi bai sani ba sai da ya dawo Rahila ta gani. Ciwon ya ruɓe, ya hau har kafaɗa. Wannan karon bai yi gardama ba, aka kai shi asibiti, aka yi abin da za a iya, daga baya ya roƙa a mayar da shi gida. A ranarsa ta ƙarshe Haruna yana zaune kusa da shi, ya kama hannunsa ya riƙe da hannu biyu, ya matsa, ya ce, "Shu'ibu, kana ji?" Ya ce, "Ba na ji, Yaya. Amma ina gani, ya ishe ni." Ya yi wa iyalinsa addu'a ɗaya bayan ɗaya, ya cika da azahar, ranar wata Laraba a cikin watan Satumba, yana da shekara hamsin da biyu.

Da yake babu maƙabartar masu bi a ƙauyen, Bulama ya ba da wuri a wani ɗan tudu da ke hayin wata 'yar ƙorama. Masunta abokan tasowarsa ne suka haƙa kabarin, Haruna yana gaba. Mai bishara na Malam Madori bai sami isowa ba saboda ruwa, sai wani dattijo daga cikin masu bi ya yi karatu da addu'a, aka yi waƙar yabo, Musulmi suna tsaye a gefe har aka gama, aka rufe shi kafin la'asar sakaliya.

'Ya'yan da ya bari

Ya rasu ya bar matarsa Rahila da 'ya'ya biyar. Na fari Usman, ɗan Zaituna, Musulmi, masunci, yana zaune a gidan Haruna da iyalinsa. Sai Bitrus, wanda aka haifa a 1948, da Saratu a 1951, da Ishaya a 1954, sai autarsu Tabita a 1955.

Tabita ba ta san abin da ake yi ba ranar jana'izar, tana ta wasa da ƙasar kabari. Da aka juyo gida ruwan ƙoramar ya ɗan ƙaru, Rahila tana riƙe da Ishaya, kowa hankalinsa ba ya jikinsa, yarinyar ta tsaya a bakin ruwa ita kaɗai. Wani Bafillace da ke fitar da shanunsa daga fadama ya zo wucewa, ya ɗauke ta ya ɗora a wuya, ya haye da ita, ya dire ta a kan busasshiyar ƙasa, ya karkaɗe mata ƙafa. Kafin wani ya waiwaya ya bi bayan shanunsa. Ba a san sunansa ba.